Raƙumin da Kaka Ya Kawo

Abu ɗaya ƙanwata ta roƙa a 'yar gajeriyar rayuwarta, shi ne ta ga raƙumin dawa da idonta. Ba ta roƙi ɗan kunnen zinariya ba, ba ta roƙi keke ba, ko da yake a shekarun nan har keke ake saya wa yaran unguwarmu. Dabba kawai take son gani. Kuma a duk faɗin Katsina, garin da muke tinƙaho da shi a gaban kowa, babu inda za a ɗauki yaro a kai shi ya ga naman daji.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin kuɗin mai ne, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi gari ya rikice. Wanda jiya yake tafiya a ƙasa yau ga shi a kan babur, mai babur ya koma mota. Kowane zaure da rediyo mai kaset. Har waɗanda wutar lantarki ba ta kai lungunsu ba sun sayi firiji sun ajiye, suna jera kwanuka a ciki. Ana ta fasa hanyoyi ana zuba kwalta, ana gina ofisoshi, duk inda ka waiga buhunan siminti ne. Amma gidan namun daji, wanda mutane ke ce wa gidan zu, sai Kano. Kullum a ce mu ma za a yi mana namu, har wani abokin Baba ya rantse ya ga filin da aka ware. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Har na yi aure na bar garin ban ga ko tubali ɗaya ba.

Namu gidan zu ɗin gardawa ne. In suka shigo gari da kura a ɗaure da sarƙa, an sa mata takunkumi, sai yara su bi su ɗuu tun daga Ƙofar Marusa har kasuwa. Wani lokaci da biri mai 'yar riga, a ce ya ƙame kamar soja, ya ƙame, a yi dariya. Akwai kuma wani Alhaji da ke ajiye gauraki da jimina a bayan gidansa, yara su hau kan juna su leƙa ta katanga, in an gan su a kore su. Shi ke nan abin da babban birni ya tanadar wa 'ya'yansa.

Ni ce babba a gidanmu. Tsakanina da ƙanwata an haifi yara ba su tsaya ba, daga ita kuma Inna ba ta sake haihuwa ba, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Da ciwon amosanin jini aka haife ta, wanda yanzu ake ce wa sikila. Siririya ce, idonta da ɗan rawaya-rawaya, in ta yi gudu kaɗan sai ta tsaya tana haki. In damina ta faɗi, sanyi ya shiga ƙashinta, sai ta kwanta tana murƙususu, Inna na gasa mata gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi. Amma baki, Allah ya ba ta. Jikin ne ba ƙarfi, harshen nan kuwa ko babba ya taɓa ta sai ya ji a jikinsa. Da yake yawanci tana gida a kwance, littattafaina na makaranta suka zama abokan hirarta, ta iya karatu tun kafin sa'o'inta su gama haɗa baƙi.

A cikin littafin karatuna na Hausa ta gamu da shi. Hoton wata dabba ce mai dogon wuya da zane a jiki, ta miƙe ta fi itacen da ke kusa da ita. Auta ta sa yatsa a ƙarƙashin hoton ta karanta da ƙarfi, ta ce raƙumin daawa. Ta ja kalmar, irin dawar da ake tuwo da ita. Na fashe da dariya, na ce ba haka ba ne, dawa ne, gajere, wato daji, kamar yadda ake cewa naman dawa. A rubutun boko duk ɗaya ake rubuta su, sai wanda ya taɓa ji a baki ne zai bambanta. Ita kuwa ba ta taɓa ji ba, a takarda ta tsince shi.

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Yaya, ke ce ba ki gane ba. Daawa shika ci. Ba ki ga wuyanshi ba? Don shi kai ga zangarniya ne aka yi mashi shi haka."

Inna na tankaɗe a tsakar gida, dariya ta sa ta ajiye rariya. Da Baba ya dawo aka ba shi labari, ya ce ai hujjar Auta ta fi tawa ƙarfi, tunda karan dawa ya fi mutum tsawo. Daga ranar sunan ya zauna a gidanmu yadda ta faɗe shi. Kowa sai ya ce raƙumin daawa, da farko don tsokana, daga baya har muka manta tsokana ce. Da hutu ya zo na mayar da littafin makaranta, amma dabbar ta riga ta zauna a ranta. Ta zana shi da gawayi a bangon madafa, ta zana shi a ƙasa da tsinke. Da ta ji wata maƙwabciyarmu na cewa 'ya'yan yayarta sun gan shi da rai a Kano, sai ta tasa Baba a gaba. Ta ce gani ya kori ji.

Baba ya yi alkawari. A shekarar ya sayi mota, kuma ba mutum ne mai saɓa magana ba. Amma ma'aikaci ne a ofishin da ke kula da gine-gine, kuma a lokacin gine-gine sun fi ma'aikata yawa. Yau a tura shi rangadi, gobe a ce manya za su zo duba aiki. In ya samu sarari, Auta na kwance. In ta miƙe, likita ya ce a dakata da doguwar tafiya sai jininta ya ƙaru. Haka aka yi ta ja. Duk safiya in zai fita sai ta rako shi zaure ta ce, "Baba, alkawari hwa kaya ne." Shi kuma ya ce, "Yana kaina, Auta, ban sauke ba." Da a garinmu abin yake, da yamma ɗaya ta isa, a ɗora ta a mota a je a dawo kafin magariba.

Mutum ɗaya ne ba a sa shi cikin maganar ba, Kaka, mahaifin Baba. Shi yana tsohon gidanmu na gado a Gobarau, ya ƙi biyo mu sabon gida, ya ce ɗakin siminti ba ya numfashi. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya dogaro sandarsa ya zo ya ci tuwo da mu. Fataucin hatsi ya yi duk rayuwarsa, kunnensa ya ɗan yi nauyi, kuma yana da faɗa. A wurinsa yaro marar lafiya ɗaki da addu'a ne nasa. Da ya ji za a kwashi Auta a hau hanya don kallon dabbobi, da Baba ya sha faɗan da bai sha ba tun yana yaro. Saboda haka aka ɓoye masa.

Shi da Auta kuwa wasan kaka da jika ya kai inda ya kai. Da ya shigo zai ce, "Ina matata? Miji ya zo ba ko ruwa?" Ita kuma ta ce, "Wa zai auri tsoho mai haƙori uku? Ni mai mota nika so." Ya ce zai sake ta, ta ce ta riga shi. Ya fito da alewa daga aljihu, ta karɓe ta ce wannan ba ta isa ko toshi ba. Duk faɗan Kaka, a gabanta ba ya da kataɓus.

A tsakiyar damina aka samu wata Asabar da Auta ta yi sati tana da ƙarfi, Baba kuma ba aiki. Aka ce wa Kaka za a kai ta ganin wani likita a Kano. Tun jajibiri Inna ta sa mata lalle. Da safe Auta ta sa sabuwar rigarta, aka rambaɗa mata kwalli, sai ga ta ta fito daga ɗakin ajiya da ƙulli a bakin ɗankwalinta. Inna ta ce mene ne, ta ce tsaraba ce. Dawa ce ta ɗebo, wai ba a zuwa gaida mutum hannu rabbana.

Mun bar gari sama garau. Ni da ita a baya, ta manna fuska a gilashi tana gaida duk saniyar da muka wuce. Muna dosar Kankiya hadari ya haɗo, iska ta taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya rufe gilasai, Inna ta lulluɓe ta da zane, amma sanyin ya riga ya shiga. Na ga Auta ta daina gaida shanun. Na ga ta kama gwiwarta tana matsawa. Ta dube ni ta girgiza kai, wato kada in yi magana. Ta cije leɓe ta daure, ta daure, har gumi ya keto mata a cikin sanyin nan, sannan wani ɗan nishi ya kuɓuce mata. Inna ta waiwayo.

Baba ya rage gudu. Tun kafin ya ce komai Auta ta ce, "Baba, kar ka juya. Don Allah kar ka juya. Ya lahwa, wallahi ya lahwa."

Bai juya ba, ya ci gaba. Ina ganin idonsa a madubi yana duban ta yana duban hanya. Mun ɗan ƙara tafiya, sai ciwon ya haye bayanta da ƙirjinta, ta ƙwalla ƙarar da ba ta iya riƙewa. Baba ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya kifa kansa a kan sitiyari. Katsina ta fi kusa, can kuma likitan da ya san ta yake. Ya juya motar. Tana kuka tana dukan bayan kujerarsa da ɗan hannunta, ba don ciwon ba, don juyawar. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Ta yi kwanaki a asibiti, aka ƙara mata jini, aka sallamo ta. Amma Autar da ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Ba ta iya zama sai an jingina ta da filo, tsiwar ma ta ragu. In zazzaɓi ya rufe ta sai ta yi ta sambatu, kuma sambatun ɗaya ne, a kai ta ta ga raƙumin daawa. Baba ya daina haɗa ido da ita. Ya je ya tambayi likita ko za a iya sake gwadawa, likita ya ce ko kusa.

Ranar Juma'a Kaka ya zo, Baba bai dawo daga masallaci ba tukuna. Ya shiga ya duba ta tana barci, bai tashe ta ba. Ya fito ya zauna a kan tabarma a inuwa, Inna ta durƙusa can nesa, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi a gaban surukinta tun ranar da aka kawo ta.

"Sannu da zuwa, Malam. An sauko lahiya?"

"Lahiya lau. Ya gida, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Ya kwanan zaune? Sannunku dai. Allah shi ba da lada."

"Amin, Malam."

Kaka ya ja casbinsa. Can ya ce, "Na ji tana magana cikin barci. Mi take kira?"

Inna ba ta taɓa haɗa jimla uku a jere a gaban Kaka ba. Kunya ba za ta bar ta ta zauna tana yi masa bayanin littafi da hoto da Kano ba, balle ta tona cewa an ɓoye masa dalilin tafiya. Ta ce a hankali, yadda bakinta ya saba, "Raƙumin daawa take son gani, Malam."

Ya kara hannu a kunne. "Raƙumin mi?"

"Na daawa."

Kaka ya dube ta, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya ce, "Shi ke nan? Wanga shi ne abin da aka rasa?" Bai jira tuwo ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ina tsaye a bakin madafa na ji komai, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka tsufa ne.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, muka ji hayaniyar yara ta cika lungu. Na leƙa. Kaka ne a gaba yana dogara sanda, babbar rigarsa ta sallah a jikinsa, gumi na zuba ta ƙarƙashin rawani. A bayansa wani Buzu ne riƙe da akala, a bayan Buzun kuma raƙumi, fari, ƙato, irin wanda ban taɓa ganin mai girmansa ba. An ɗora masa buhunan dawa hagu da dama, har an soka zangarniya a jikin igiyar don ado. Daga baya muka ji yadda aka yi. Kaka ya bi tsofaffin abokan cinikinsa, Buzayen da ke kawo kanwa su koma da hatsi, ya fita har bayan ganuwa inda suke sauka. Ya bi raƙuman ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ya ce matarsa ba za ta ga rago ba. Ya sa aka wanke shi. Kuma ya ƙi hawa komai, da ƙafarsa ya rako shi har ƙofar gidanmu.

Buzun ya ja akala, raƙumin ya yi ruri ya gurfana a ƙofar zaure. Kaka ya ɗaga murya ya ce a fito masa da matarsa.

Baba na gida ranar. Ya fito ya ga abin da ke ƙofarsa, ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya koma ciki ya naɗo Auta a bargo ya rungumo ta, ni ina biye ina riƙe da ƙafafunta. Tun a tsakar gida ta ji yara na cewa raƙumi, raƙumi, na ga idonta ya buɗe, na ga wani haske da na daɗe ban gani ba ya dawo fuskarta. Har cewa ta yi, "An kawo shi? Har gida?" Wannan 'yar tafiyar daga ɗaki zuwa zaure ita ce abin da ya fi yi mini ciwo a duk labarin nan.

Muka fito. Ta dubi raƙumin. Irinsa take gani duk ranar kasuwa tun tana goye. Ta dubi buhunan, ta dubi zangarniyar. Ina kallon hasken nan yana janyewa daga fuskarta. Ni kuwa da azarɓaɓi na buɗe baki zan ce, Kaka ai ba wannan ba ne. Sai na ji farce a hannuna. Auta ce ta mintsine ni, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ba ta ko dube ni ba.

Kaka ya matso, yana haki yana murmushi, haƙoran nan uku a waje. Ya ce, "To, matata, ga raƙumin dawa nan, har da dawarshi. An ce kin yi ta kira an rasa mai kawo maki. Masu mota sun kasa, tsoho ya iya. Yanzu wa ya hi?"

Ta daɗe tana dubansa. Ta ga rigar sallah, ta ga ƙurar da ta hau ƙafafunsa. Sai ta yi murmushi ta ce, "Kai, Kaka, ya yi tsawo."

"Ai shi ya hi duka tsawo. Ni na zaɓe shi."

Ta ce a matsar da ita. Baba ya durƙusa da ita kusa, ta miƙa hannu ta shafa wuyan raƙumin, ya juyo da kai yana tauna, yara suka yi shewa. Ta ce, "Na gani, Kaka. Na gode. Yau dai na yarda, kai ne mijina."

Kaka ya yi dariya har da tari. Ya juya yana gaya wa Buzun, yana gaya wa maƙwabta, ku ji, ku zama shaida, yau ta yarda. Baba ya juya da ita da sauri ya shige ciki, don kada mahaifinsa ya ga fuskarsa. Inna na bayan ƙyauren zaure, ta toshe baki da mayafi.

Da aka kwantar da ita kowa ya fita, sai ta jawo hannuna. Ta ce, "Yaya, kar ki hwaɗa mashi. Ki hwaɗa ma su Inna su ma kar su hwaɗa." Na ce to. Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Can ta ce, "Na gaskiyan, ya hi wanga tsawo ko?" Na so in ce mata e, ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma gaskiya ce ta fito, na ce ban sani ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Ta ce, "Haka ne." Ba ta sake ambatonsa ba, ko a cikin zazzaɓi.

Ba ta cika sati biyu ba bayan nan. Da rana tsaka ta cika, kanta a cinyar Inna. Ba zan iya rubuta wannan ranar ba, ko yanzu da furfura ta cika mini kai. Dawar da raƙumin ya kawo da ita aka yi abincin sadaka.

A zaman makoki Kaka ya zauna a zaure, ya rame, ya zama ɗan ƙanƙani a cikin rigarsa. Duk wanda ya zo ya yi gaisuwa, ya ce ya haƙuri, sai Kaka ya ce haƙuri sai ma'aiki, sannan ya ƙara da labarinsa. Ya ce alhamdu lillahi, ba ta tafi da kwaɗayi ba. Abu ɗaya ta nema a duniya, kuma Allah ya ba shi ikon kawo mata har ƙofar gida, ta shafa shi da hannunta. Baba na gefensa yana cewa haka ne. Mu ma a cikin gida in mata suka tambaya sai mu ce haka ne. Wannan labarin shi ya riƙe tsohon. Duk Juma'a sai ya maimaita shi a kan tuwo, mu kuma mu sunkuyar da kai mu ce Allah ya jiƙanta.

Gidan ya yi shiru irin wanda ke sa mutum ya ji motsin hanjinsa. Bayan wasu watanni Baba ya sayo talabijin, ina jin don a samu wata murya a gidan. Aka kafa doguwar gora a kan rufi aka ɗaura eriya, hoto baƙi da fari yana zuwa yana yashi-yashi. Kaka ya ce akwatin shaiɗan ne, amma in ya zo Juma'a sai ya ƙi tafiya har a buɗe tasha bayan la'asar, ya jawo tabarmarsa gaba-gaba saboda kunne.

Wata Juma'a aka sa shirin yara, ana nuna namun daji, wani mutum na bayani da Hausa. Aka nuna giwa, Kaka ya ce ƙwarai, giwa ce. Aka nuna zaki. Sai ga wata dabba ta fito daga bayan itatuwa tana tafiya a hankali, wuyanta har ya fi akwatin tsawo, sai da aka ja hoton baya sannan kanta ya fito. Wannan ne karo na farko da na gan shi yana motsi, kuma a cikin ɗakinmu, taku kaɗan daga inda gadonta yake. Mai bayanin ya ce, yara, wannan shi ake kira raƙumin dawa. Ya faɗe shi daidai, gajere.

Kaka ya kara hannu a kunne. "Mi ya ce?"

Mutumin cikin akwatin ya maimaita, kamar ya ji tambayar. Baba ya miƙe zai kashe, Kaka ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi." Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya kalli dabbar tana miƙa wuya tana tsinkar ganye a ƙwanƙolin itace, ya kalle ta har aka ɗauke hoton aka sa wani abu.

Ya koma ya zauna. Ya ce a hankali, "Raƙumin dawa. Na daji. Ai na san sunan tun ina yaro." Ya dubi Baba. "Kanon da kuka tahi, ba likita ba ne." Baba ya sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa zai yi, har na so ya yi, amma bai yi ba. Ya juyo gare ni.

"Ke kika riƙe da ita ran nan. Ta san ba shi ba ne?"

"Ta sani, Kaka."

"Tun a ƙohwar gida?"

"Tun da ta ɗora ido a kanshi."

"Amma ta ce mani ta gani. Ta ce ta gode."

Na ce, "Ita ta ce kar a hwaɗa maka."

Sai na ga ya jawo bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ko a maƙabarta ba a ga hawayensa ba. Daga cikin rawanin muka ji ya ce, "Ni na zo in lallashi yarinya, ashe ita ta lallashe ni. Tana cikin wanga ciwo, ta tsaya tana jin tausayin tsoho."

Inna ta fita da gudu. Baba ya kashe akwatin, wannan karon ba a hana shi ba. Kaka ya goge fuska, ya ce in miƙo masa takalmansa. Baba ya ce bari ya kai shi a mota, ya ce a'a, ƙafarsa ta ishe shi. Ya ci gaba da zuwa duk Juma'a har ƙarshen ransa, ya ci tuwo, ya yi mata addu'a. Amma bai sake ce wa kowa ba ta tafi da kwaɗayi ba.